A Ƙara Masa Nama

Duk shekarun da na yi ina dafa wa 'yan ƙwallo abinci, ban taɓa zama a fili na kalli wasa daga farko har ƙarshe ba. Daga bakin murhu nake sanin yadda aka tashi. In sun yi nasara, tun daga kwanar masallaci zan jiyo motarsu tana ta oda, yaran unguwa na bin ta a guje. In kuwa an lallasa su, sai dai in ji ƙusoshin takalmansu a kan simintin tsakar gida, ƙwas, ƙwas, kowa ya shige ɗaki ba ko sallama.

Gidan yana Moshi Zongo, a nan Tamale, bayan rumfar da nake sayar da shinkafa da wake. Wani Alhaji ne ya kama hayarsa, ɗan kasuwar hatsi mai sito cike da masara, wanda Allah ya jarabce shi da son ƙwallo. Da kuɗin aljihunsa ya kafa kulob ɗin, ya tattaro samari daga unguwanni da ƙauyuka ya zuba su a gidan. Lokacin da ya zo neman mai girka musu abinci mijina bai daɗe da rasuwa ba, ga 'yata tana makaranta. Ban tsaya wani dogon tunani ba na amsa.

Mma suke kirana, yadda Dagombawa ke kiran uwa, har waɗanda ba su jin Dagbanci. Da safe in dama koko in soya ƙosai, da rana shinkafa da wake, da yamma tuwon zafi da miyar ayoyo. A manyan baho nake zuba musu, su zagaye suna ci suna musu, wannan ya yi Hausa, wancan ya mayar masa da Dagbanci, wani ya cusa Turanci ko Asantanci a tsakiya. Ban taɓa ganin masu cin abinci irin yaran nan ba. Ƙanzon tukunya ma sai an yi faɗa a kansa.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mini nono da wagashi, wato cuku, daga rugarsu, can bayan Kasalgu inda gidaje suka ƙare. Ta girme ni sosai. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗiyata. Wata damina ƙafarta ta kumbura, sai ɗanta ya riƙa goyo ta a keke yana kawo ta. Dogon saurayi ne siriri, ba ya son magana, kullum a bakin ƙofa yake tsayawa har mu gama ciniki. Wata rana ƙwallo ta gangaro gabansa, yaran suka ce ya jefo musu. Bai jefa ba. Ya sa ƙafa ya ɗaga ta, ya zille wa biyu daga cikinsu da takalmin roba a ƙafarsa, ya buga ta ta shige tagar ɗakin koci. Koci, wani tsohon ɗan wasa mai ɗingishi, ya fito da niyyar faɗa. Da aka ba shi labari sai ya ce a sake ba yaron ƙwallon ya gani.

Haka ɗan Inna ya shigo gidan. Mahaifinsa ya rasu, baffansa ne ke kula da shanu, kuma baffan bai so ba ko kaɗan. Inna ce ta tsaya masa. Sharaɗinta ɗaya, duk Juma'a ya koma ruga ya kwana, ya duba dabbobi.

In za a faɗi gaskiya, nasara ce ta fara karya mu. Da yaron nan a gaba, kulob ya haye rukuni na sama, unguwa ta yi kwana da kwanaki ana kiɗa. Amma wasan sama ba irin na ƙasa ba ne. Da can a cikin gari da kewaye ake bugawa, a je a dawo a ci tuwo a gida. Yanzu sai a tafi Wa, a tafi Sunyani, a tafi Kumasi, ga mai, ga masauki, ga albashi da dole a ƙara. Masu shiga kallo kuwa rabinsu ta kan katanga suke haurowa. Ana cikin haka Alhaji ya sari masara mai yawa da kuɗin mutane yana jiran ta yi tsada, farashi ya faɗi warwas, wadda ke sito kuma ƙwari suka shige ta.

Ni a wurin mahauci na fara gane halin da ake ciki. Mutumin da a da yake aiko mini da cinyar sa ba tare da na tambaya ba, sai ga shi yana kawar da kai yana cewa, "Hajiya, ki gaya wa Alhaji ya leƙo ni tukuna."

Cikin 'yan wasan, wanda aka fara sayarwa wani mai tsaron baya ne, wani babban kulob na kudu ya ɗauke shi. Murna muka yi. An yanka rago, an biya kowa albashinsa, mahauci ya dawo da fara'arsa. Yaron ya zo ya durƙusa na sa masa albarka. A lokacin kalmar sayarwa ba ta dame ni ba, na ɗauka salon maganar 'yan ƙwallo ce kawai. Kuɗin bai kai ƙarshen kakar wasa ba ya ƙare, aka sayar da na biyu. Na ukun ko rago ba a yanka ba. Daga nan sai abin ya zama kamar yadda ake cire buhu daga rumbu duk lokacin da baƙo ya yi sallama da maganar bashi.

Ni ce nake riga kowa sanin wanda zai tafi. Alhaji zai shigo madafa, abin da ba ya yi a da, ya tsaya yana kallon tukwane kamar mai neman wani abu. Can sai ya ambaci yaro ɗaya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "A ƙara masa nama. A ba shi ƙwai da safe." Bayan 'yan makonni sai a ga baƙi a gindin bishiyar darbejiya da ke gefen filin atisaye, da wayoyi a hannu suna ɗaukar hoto. Ba a daɗewa sai katifa ɗaya ta zama ba mai kwana a kanta.

Wani abu da ya riƙa taɓa mini zuciya shi ne kwanukan shan kokonsu. Kowa yana da nasa, ya yi masa alama da ƙusa ko fenti. Wanda ya tafi ba ya ɗaukar nasa. Sababbin yaran da ake kawowa daga makarantu don cike gurbi ba sa yarda su sha a kwanon wanda aka sayar, wai su ma za a sayar da su, ko kuma wai ba za a saye su ba, ban taɓa gane wanne suke tsoro ba. Kwanukan suka yi ta taruwa a kan kanta, ina wanke su duk da ba mai amfani da su.

Alhaji ya daɗe yana riƙe da ɗan Inna. Ya sha rantsuwa a gabana cewa wannan kam ba na sayarwa ba ne. Amma shekarar da makanike ya riƙe motar kulob ya ce ba za ta fita garejinsa ba, mai gidan da muke haya kuma ya fara zuwa da kansa yana zama a zaure, sai ga Alhaji a madafa. Ya daɗe a tsaye. Ni ma ban ɗago ba, na ci gaba da tuƙa tuwo.

"Kin san wanda nake nufi," in ji shi.

"Na sani, Alhaji."

Da yamma na zuba wa yaron nasa daban. Ya kalli kwanon, ya kalle ni.

"Mma, yau ni ne?"

Na ce ya ci abincinsa kawai.

"Mu ma haka muke yi," ya ce. "In za a kai bijimi kasuwa sai a ware shi, a riƙa ba shi dusa da kanwa. Shi yana ta jin daɗi, sauran suna jin haushinsa."

Ya yi dariya, ni ban iya ba. Ya ɗauki naman ya rarraba wa na kusa da shi, ya ci tuwonsa da miya kamar kowa.

Wannan karon ba kulob ɗin kudu ba ne. Wani dillali ne daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, mai wayoyi biyu da ƙamshin turare, ya ce ƙetare zai kai shi, ƙasar Turawa. Ya ce zai ba da wani abu yanzu, babban kason kuma in yaro ya sa hannu a can. Alhaji ya tafi ruga da kansa da goro da atamfa. Na tambayi yaron ko yana son tafiyar. Ya ɗan yi wasa da igiyar takalminsa, sannan ya ce, "Koci ya ce in na tafi za a biya kowa. Matar gola ta kusa haihuwa, Mma."

Ranar tafiya da safe muka raka shi tasha. Inna ta zo da ɗan gora cike da man shanu ta miƙa masa, dillalin ya ce ba a shiga jirgi da irin wannan. Ta tsaya riƙe da goran har motar ta fita, ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga hannu ba. Shi kuma ta taga yake ta waiwayenmu.

A ruga ba su da waya mai kama sabis sosai, don haka tawa yake kira. Daga Ankara ya kira sau da dama, Inna ta zo su yi Fulatancinsu ni ina gefe ina tsince wake. Sai aka yi shiru na wani lokaci. Ranar nan da hantsi wata doguwar lamba ta shigo, na ɗauka, sai muryarsa, can nesa kamar daga cikin rijiya. Ya ce ya isa. Ya ce akwai sanyi, suna da yawa a ɗaki ɗaya, har yanzu ba a kai su gwaji ba, fasfonsa yana hannun wani mutum. Ya ce wayar ta aro ce. Na ce yana samun abinci? Ya ce, "Ana ci, Mma. Ki gaida Inna, kada ki gaya mata maganar ɗakin." Layin ya yanke.

Ba mu sake jin muryarsa ba.

Inna ta zo washegari na ba ta gaisuwarsa. Ta ce in kira mata lambar. Na kira, sai wata mata ta amsa da wani yare da ba Turanci ba, ba Faransanci ba, ba Larabci ba, ta yi 'yar gajeriyar magana ta kashe. Muka sake kira, matar ta sake faɗin abin da ta faɗa, da murya iri ɗaya. 'Yata ta ce ai ba mutum ba ce, na'ura ce ke cewa wayar a kashe take. Inna ta girgiza kai.

"Mutum ce. Ta san inda yake, ba ta jin maganarmu ne kawai."

Tun daga ranar, duk zuwan da za ta yi, in ta sauke ƙwaryar nono sai ta goge hannunta a zane ta ce, "Ɗiyata, kira mini matar nan." In kira in miƙa mata. Ta kan bari matar ta gama, sannan ta gaishe ta da Fulatanci cikin ladabi, ta tambayi gida da yara, ta faɗi sunan ɗanta a hankali, ta sake faɗa, ko da layin ya riga ya mutu. Wani lokaci ta gwada da Hausa. Ni kan juya baya in yi kamar ina hura wuta. Har na haddace maganar matar nan ba tare da na san ma'anar kalma ɗaya ba, ina cikin wanke-wanke sai in ji bakina yana maimaita ta.

Sauran kuɗin bai taɓa zuwa ba. Wayoyin dillalin duka biyu suka daina shiga. Alhaji ya tafi Ankara neman ofishinsa, ya tarar da shagon ɗinki a wurin. Ɗan abin da aka karɓa da farko ya fito da mota daga gareji, ya rufe bakin mai gida na ɗan lokaci, shi ke nan. Matar gola ta haihu, 'yan wasa suka yi karo-karo aka yi suna.

Wata safiya Inna ta zo ba ƙwarya a kanta, ta ce in raka ta wurin Alhaji. Muka same shi a ƙofar sitonsa, a zaune kan benci, sito wayam sai tsintsiya da tarkacen buhu. Ta ƙi zama kan bencin, ta zauna a ƙasa. Bayan gaisuwa ta ce:

"Alhaji, na yi magana da baffansa. Cikin shanun akwai nawa, akwai na yaron, gadon ubansa. Ka faɗa mini nawa ka sayar da shi. Zan kai su kasuwa in kawo maka kuɗin, ka mayar wa mutanen, su ba ni ɗana."

Ba da faɗa ta faɗi ba. Yadda take cinikin wagashi haka ta yi maganar. Alhaji ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Inna, ba maganar kuɗi ba ce yanzu."

"To maganar me ce?"

"Ban san hannun wanda yake ba. Wallahi ban sani ba."

Ta kalle shi. Sannan ta ce, "Mu in mun sayar da saniya, mun san garin da aka kai ta." Ta dafa ƙasa ta miƙe. A hanyarmu ta komawa, da muka kai bakin titi ta ce rana ta yi, bari ta je ta shayar da maruƙa.

Kulob bai daɗe ba bayan wannan. Babu sauran wanda wani zai saya. Yaran suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma gona, wani ya kama tuƙin yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku da ya cika garinmu. Na koma ƙaramar tukunya, daga baya na riƙa ɗebo musu daga abincin rumfata. An yi ranar da ya kamata su tafi wasa Bolga, suka shirya da jakunkunansu suka zauna a zaure tun safe suna jiran kuɗin mai, har la'asar ba labari. Koci ya ce kowa ya je ya cire kaya. Daga ƙarshe Alhaji ya sayar da gurbin kulob ɗin ga wani mai kuɗi a wani gari, aka canza suna, aka canza launin riga. Shi kuwa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Nakan kai masa koko wani lokaci. Ba ya maganar ƙwallo, in yaransa sun kunna a talabijin sai ya sa a juya masa kujera.

Gidan yanzu masu walda ne a ciki, katanga ɗaya ce tsakaninsa da rumfata. Duk da ƙarar injinsu, akwai lokuta, musamman da la'asar sakaliya in sun tafi salla wurin ya yi tsit, da nake jin ƙusoshin takalmi a kan simintin nan. Na san ƙarfe ne ke sanyi yana ƙara, 'yata ta faɗa mini, masu waldar ma sun faɗa. Amma sai na tsinci kaina na ajiye ludayi ina saurare, ina ƙoƙarin gane takun waye. Haka in dogon saurayi siriri ya wuce a kan babur, sai in bi shi da kallo har mai sayen abinci ya ce, "Mma, canjina fa?"

Lambar nan ma ta canza. Wata rana na kira wa Inna kamar kullum, maimakon matar sai wani namiji ya ɗauka, mutum na gaske, ana jin kukan jariri a bayansa. Na rikice, na miƙa wa 'yata ta yi masa Turanci. Da ƙyar suka fahimci juna. Ya ce sabon layi ne ya saya, bai san kowane ɗan ƙwallo ba, kada a sake kiransa. Inna ta tambayi me ya ce, muka gaya mata. Sai ta ce, "To ita matar fa, ina ta tafi?" Ban taɓa ganin ta yi hawaye ba sai ranar.

Gari ya ci gaba da cin daji. Aka yanka filayen bayan Kasalgu aka kafa duwatsun alama har cikin makiyayarsu, baffan yaron ya ce tashi za su yi. Inna ta zo yi mini ban kwana. Ta rame, ƙafar nan ta sake kumbura. Ta riƙe hannuna biyu ta ce:

"Ɗiyata, in ya dawo ba zai ga ruga ba, gidajen bulo zai gani. Wurinki zai zo. Ki ce masa mun yi wajen Salaga. Ya je kasuwar shanu ya tambayi baffansa, za a nuna masa. Kada ki tashi daga nan."

Na ce ba zan tashi ba. 'Yata ta yi aure tana Kumasi yanzu, kullum maganarta in rufe rumfa in koma wurinta in huta. Nakan ce mata sai bayan salla, in salla ta wuce in ce sai an gama damina.

Kwanakin baya gola ya tsaya da yalo-yalonsa a gaban rumfata, ko kashe injin bai yi ba ya diro da waya a hannu. Ya ce wani tsohon abokin wasansu ne ya turo masa. Bidiyo ne ɗan gajere, wani ƙaramin fili a wata ƙasa, ciyawa jiƙe, 'yan kallo ba su fi a ƙirga ba, duk sun sha manyan riguna. Wanda ya ɗauka yana can nesa, hoton yana ta girgiza. Sai ga wani dogon baƙin ɗan wasa ya karɓi ƙwallo ya zura da gudu ta gefen layi, bayansa kawai ake gani. Kafin ya juyo hoton ya ƙare.

"Mma, gudunsa ne," in ji gola. "Shekara nawa ina bayansa ina kallon gudun nan. Dubi yadda yake karkata kafaɗa."

Na ce ya sake kunnawa. Muka tsaya a rana muna kallo, ya ƙare mu sake, har fasinjarsa ta gaji ta sauka ta tari wani. Na tambayi sunan garin, bai sani ba. Na tambayi yaushe aka ɗauka, shi ma wanda ya turo a wani wuri ya tsinto. Wani kallon in ce shi ne, wani kallon in ga wannan ya fi shi kauri.

Na sa ya tura mini a wayata. Akwai wani mai sayen shanu da ke cin abinci a wurina, duk mako yana zuwa Salaga, ya ce ya san baffan, ya ce kuma tsohuwar tana nan da rai, sai dai idonta ya yi rauni. Jiya ma ya zo. Na zuba masa shinkafa, wayar tana ɗaure a bakin zanena, ya ci ya biya ya tafi ban ba shi bidiyon ya kai wa Inna ba.